Rabin da Baba Yake Amsawa

Ranar Talata ce, ƙarshen watan Agusta. An yi ruwa kafin asuba, gari ya waye da sanyi. Hatsi ya fi tsawon mutum, ya fara fitar da kai. Ƙauyenmu yana arewa da Filinge, kafin a kai Abala, nesa da babbar hanya. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai waɗanda har yanzu suke son komawa.

Sunana Monika, ɗinki nake yi. Tun da mijina ya rasu na dawo gidan mahaifina, mu biyu muke zaune. Baba mutumin Arewa ne, daga wajen Dogon Dutsi. Ginar rijiya ta kawo shi ƙasar Kurfai yana saurayi, ya ga wuri ya zauna. Rijiyoyin ƙauyen duk aikin hannunsa ne, shi ya sa ba mai kiran sunansa, sai dai Mai Rijiya. Mu kaɗai ne Kirista a garin, ƴan Katolika. Ba coci, ba firist. Tabarma muke shimfiɗawa a gindin dogon yaro, nan ne wurin ibadarmu.

Kowace safiya muna jan carbi. Namu carbin goma-goma ne, sau biyar. Kowace goma ana buɗe ta da "Ubanmu wanda ke cikin sama", sannan a gai da Maryamu sau goma. Kuma kowace addu'a rabi biyu ce: ɗaya ya ja, ɗaya ya amsa. Ni ke ja, Baba ke amsawa. A nan muke samun saɓani. Ni nakan zuba nawa rabin kamar keken ɗinkina ya sha mai. Shi kuwa kalma ɗaya-ɗaya yake saukewa, yadda ake sauke mutum cikin rijiya. In ya kai inda ake cewa "yanzu da lokacin mutuwarmu", sai ya tsaya ya ja numfashi. Ya sha gaya mini cewa lokaci biyu kaɗai ɗan Adam yake da su, yanzu da ranar tafiya, kuma kullum tazarar da ke tsakaninsu raguwa take. Nakan ce to, hankalina yana kan tukunya.

Ran nan ƙarfe bakwai ya shimfiɗa tabarma. Ni kuwa na riga na zauna a kan keke, ina da rigar suna da zan gama wa maƙwabciyarmu Inna Bibata. Na ce mu bari sai marece.

Ya ce, "Ke Monika, wa ka kora taki? Uwa ta hwa za ki gaidawa, ba mai tallar hura ba."

Na ce, "Baba, Allah na jin ta marece ma."

Ya naɗe tabarmarsa yana gunaguni. Ya ce zai jira ni, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya rataya carbinsa a wuya, ya koma yana gyaran guga.

Ba wai ba mu san halin da ƙasa take ciki ba. An daɗe ana jin labarin masu babura a garuruwan arewa da mu. An rufe lakol, wato makarantar boko, malamin ya tattara ya tafi. Ni kuwa na daɗe da tsara abin da zan yi in sun zo. Na sa wa raina cewa gidanmu za su fara nema, tunda mu ne bare a addini. Na ƙudura cewa zan ɓoye duk abin da zai nuna mu. Ban gaya wa Baba ba, na san ba zai yarda ba.

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin na ji ƙugi daga gabas. Na ɗauka hadari ne ya dawo. Na ɗaga ƙafa daga keke, na saurara. Ƙarar babura ce, masu yawa, tana ƙaruwa. Karnuka suka ɗauki haushi. Sai harbi na farko, daga wajen rijiyar shanu. Sai na biyu. Daga nan ban ƙara iya ƙirgawa ba.

Malam Gado, mijin Inna Bibata, ya buga zanar da ta raba gidajenmu.

"Mai Rijiya! Ku hita! Ku shiga hatsi!"

Baba ya ɗauki sandarsa, ya nufi kafar da ke bayan gida. Ni na nufi ɗaki.

Na cire gicciyen da ke bango. Na cire hoton Maryamu. Na zaro littafin addu'a daga ƙarƙashin matashi, da takardun baftismarmu daga cikin kwalla. Murfin kwallar ya ƙi buɗuwa, sai da na sa haƙori. Na fito da gudu, na kai hannu wuyan Baba. Ya riƙe carbin. Na fizge. Ban taɓa fizge wani abu daga hannun mahaifina ba sai ranar. Na taka turmi, na ɗaga murfin rumbu, na zuba su ciki, na jawo damin tsohon hatsi na rufe.

"Monika, taho!"

Sau uku ya kira ni. Yana tsaye a bakin kafa, bai tafi ba. Ta bayansa na ga mutanen gidan Malam Gado sun ratsa fili sun shige gona lafiya. Na ga wasu matan ma sun wuce da goyo. Abin da na ɓata bai fi minti biyar ba.

Tsakanin bayan gidanmu da gona akwai fili inda ake sussuka, taki hamsin ko sittin. Gwiwar Baba ta dama ta daɗe da lalacewa. Na sa kafaɗata a hammatarsa, muka shiga filin. Mun kai tsakiya sai babur ya ɓullo ta kusurwar masallaci. Mutum biyu ne a kai, fuskokinsu a naɗe.

"Ku tsaya!"

Ba mu tsaya ba. Harbi uku. Baba ya zauna a ƙasa kamar wanda ya gaji. Na kama shi ta hammata ina ja da baya, takalminsa ɗaya ya fita. Wani ya ƙwala wa na kan babur kira daga wajen garke, suka juya. Na ja shi har ganyen hatsi ya rufe mu, na ƙara ja har hannuwana suka ƙi.

A ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama harsashin ya shiga. Ramin ƙarami, amma jinin ba ya tsayawa. Na cire kallabina na danna. Ashe igiyar awon ɗinki tana rataye a wuyana, da ita na ɗaure. Bai yi ihu ba. Ya dai riƙe kara ɗaya na hatsi da ƙarfi.

Muka kwanta a cikin laka. Sha biyu ta wuce ana harbi. Na ji kukan shanu ana kora su gabas. Na ji wata mata tana kiran sunan ɗanta, tana ta kira, sai ta yi shiru. Wajen ƙarfe ɗaya hayaƙi ya rufe mu, da ƙaurin hatsi mai ƙonewa. Rumbuna suke cinna wa wuta, gida-gida. Ɗaya da rabi ƙarar babura ta yi nisa. Ƙarfe biyu ta yi, ba a kira sallar azahar ba. Tun da na yi wayo a garin ban taɓa ganin haka ba, kuma wannan shirun ya fi harbin ba ni tsoro.

Biyu da rabi Malam Gado ya same mu, yana bin sawun jini. Rigarsa duk ƙasa. Ya durƙusa ya duba Baba, ya ce akwai amalankensa da jaki a bukkar gona. Ya ce an kashe ladan a ƙofar masallaci. An kashe Hamidu, babban ɗansa, a bakin rijiya yana shayar da shanu. Ya faɗa ba tare da muryarsa ta canza ba.

Na tambaye shi ko sun nemi gidan Kirista. Ya dube ni kamar bai gane ba.

"Ba su tambayi kowa komi ba, ɗiyata."

Duk abin da na ɓoye, ba mai nemansa. Da na bi Baba tun kiran farko, da mun ratsa filin tare da sauran mutane. Na san haka tun a wurin, kuma har yau na sani.

Ƙarfe uku muka tashi. Malam Gado ya rufe ɗansa da zana ya bar shi, don ba a san ko za su dawo ba. Muka ɗora Baba a amalanke, Inna Bibata ta hau, da matar Hamidu da jaririnta. Ni na zauna a tsakiya, kan Baba a cinyata. Malam Gado yana tafe a ƙasa riƙe da igiyar jaki. Ya ce in jakin bai gaza ba, za mu kai likitar Filinge, wato asibiti, kafin magariba. Abin da na riƙe ke nan. Na duba waya, ba rezo, ba halin kira.

Ba mu bi hanya ba, muka bi cikin kwari, tsakanin goriba da gawo. Yashi ya jiƙe, ƙafafun amalanke suna nutsewa. Mun riski mutane a ƙasa, wasu da tabarmi a ka, wasu hannu wofi. Ba mai gai da wani. Na yi ta yi wa Malam Gado tsawa ya bugi jakin. Mutumin da ya bar gawar ɗansa a bakin rijiya, shi nake yi wa tsawa.

Ƙarfe huɗu muka kafe a wani gulbi. Muka sauka duka, ban da Baba da jariri. Ruwa har gwiwa. Muka tura, jaki ya zame, muka sake turawa. Rabin awa ya tafi a nan. Da na koma na ɗora kansa a cinyata, leɓunansa sun yi fari, kallabin ya jiƙe har ya fara ɗiga.

Sai na ga yana lalubar wuyansa. Ya laluba, ya sake lalubawa. Ya manta. Na gaya masa cewa carbin yana cikin rumbu, ni na jefa, kuma rumbun ya ƙone. Na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗago hannunsa na dama ya sa a nawa, ya ware yatsunsa.

"Ba mu yi na yau ba."

Na gane. Yatsunsa goma, goma ɗaya ke nan. Na yi masa alamar gicciye a goshi, na yi wa kaina. Talata ranar tuna wahalar Yesu ce, da ita muka fara.

Na ja "Ubanmu". A rabina ne ake cewa "a yi nufinka". Na kai wurin, bakina ya ƙi. Wane nufi? Na tsallake, na wuce. Baba bai amsa ba. Ya matse hannuna, yana jira. Na san halinsa, zai jira har Filinge. Na koma na faɗa, ina jin haushi, hawaye na zuba a kan fuskarsa. Sannan ya ɗauki nasa rabin. Ya roƙi abincin yini. Ya roƙi gafara, "kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi". Da harsashinsu a cikinsa ya faɗa, bai rage ko kalma ba. Ni kuwa na gode wa Allah a raina da wannan rabin ba nawa ba ne.

Na kama babban yatsansa. Na gai da Maryamu, ya amsa. Na kama na biyu. Muryarsa ƙasa-ƙasa, sai na sunkuya nake ji. Kowace amsa sai ya huta sau biyu ko uku kafin ya kai ƙarshe. Matar Hamidu ta daina kuka tana kallon mu. Inna Bibata tana jan nata tasbihin a hankali, kowa da nasa.

A goma ta biyu na lura cewa ni ce nake ja a hankali. Shekara da shekaru yana fama da ni a kan haka, ranar ba wanda ya ce mini komai. Na sa wa raina cewa muddin akwai sauran addu'a ba zai tafi ba, don Baba bai taɓa barin rijiya rabi ba. Sai na riƙa jan kowace kalma. Ina so jaki ya yi sauri, ina so carbi ya yi nawa. Da nake jan su haka, na fara jin abin da nake faɗa. "Ubangiji yana tare da ke." Mace ce ake gaya wa haka, wadda ita ma aka kashe mata ɗa tana kallo. Na dubi Inna Bibata, sannan na ci gaba.

Goma ta uku ta ɗauke mu kusan rabin awa. Rana ta yi ƙasa. A duk amsa, in ya kai "yanzu", sai ya tsaya, kamar yadda ya saba. Da can nakan ƙosa da wannan tsayawar. Yanzu kuwa nakan riƙe numfashina har sai ya ƙarasa.

Shida saura minti goma muka shiga goma ta huɗu, inda Yesu ya ɗauki gicciye. Malam Gado ya nuna gaba da sandarsa. Ga dutsen Filinge, ga dogon ƙarfen waya ya fito a samansa. Na ce, Baba ga gari nan. Ya lumshe ido. Muka gama hannun dama. Na kama na hagu. Na shida ya amsa, da ƙyar.

Na kama yatsa na bakwai. Na ja rabina har ƙarshe. Na jira. Ƙafar amalanke tana ƙara, jariri yana tsotso. Na sake ja daga farko. Na jira. Ƙirjinsa yana motsi, amma ba murya.

Malam Gado ya tsayar da jaki. Ya zo ya leƙa fuskar Baba, ya taɓa ƙafarsa. Na ce ya ja mu tafi, ga gari can. Bai motsa ba.

"Ɗiyata, laƙƙana mishi. Mu haka muka yi ma namu. Hwaɗa mishi taku ga kunne."

Na sa bakina a kunnen Baba. Na faɗi rabinsa, wanda ban taɓa faɗa a gabansa ba. "Maryamu mai tsarki, Uwar Allah, ki yi addu'a domin mu masu zunubi, yanzu da lokacin mutuwarmu." Na tsaya a inda yake tsayawa. Leɓunansa sun motsa a ƙarshe, ban ji sauti ba. Yatsan da ke hannuna ya saki. Malam Gado ya shafa masa ido ya rufe, ya ce, "Allah shi jiƙan ka, Mai Rijiya." Ƙarfe shida da minti biyar.

Ana kiran magariba muka kai shingen sojoji.

"Ku tsaya! Ku sauka! Hannu sama!"

Suka haska amalanke, suka ga abin da ke ciki, suka ɗaga mana ƙarfen shingen. A likita wani ma'aikaci ya ɗaga kallabin ya duba, ya mayar. Ya ce ko da mun iso awa guda kafin haka, bai san ko za a iya wani abu ba. Ban tambaye shi batun minti biyar ba.

Washegari Laraba aka yi jana'iza. An kira Yamai, aka ce firist ba zai iya zuwa ba, hanya ba lafiya. Mai unguwa ya ba mu wuri a gefen maƙabarta, kusa da wata aduwa. Malam Gado ya karɓi dagi daga hannun wani saurayi, ya ce wanda ya gina musu rijiya su za su gina masa kushewa. Shi da wasu maza huɗu na ƙauyenmu suka haƙa. Da suka rufe, suka ja baya suka tsaya nesa kaɗan, suka bar ni.

Saura gaisuwa uku a goma ta huɗu, da goma ta biyar gaba ɗaya. Sha uku ke nan. Na durƙusa, na ƙirga da yatsuna. Ni ke ja, ni ke amsawa. Bayan kowane rabi nakan samu kaina ina jira.

Na manta cewa akwai "Ubanmu" ɗaya a tsakani, sai da na iso ta. Na ja rabina. Sannan ga nasa rabin a gabana, ba mai ɗauka. Na roƙi abincin yini. Na kai wurin gafara na tsaya. Na ga babur ɗin, na ga fuskokin a naɗe. Na ga kaina a kan turmi, ina rufe murfin rumbu. Na daɗe a nan, har rana ta fara cizo, mazan suna tsaye ba wanda ya yi tari. Daga baya na faɗa, kalma ɗaya-ɗaya. Bakina ya faɗa. Ban ce zuciyata ta bi ba, har yau ina jan ta.

Da azahar Malam Gado ya bi motar sojoji ya koma ƙauye don ya binne Hamidu. Ni da Inna Bibata da matar Hamidu aka sauke mu a wani aji na lakol, tare da wasu matan.

Ranar Alhamis da safe aka ce masu gudun hijira su je a rubuta su. Muka yi layi a rana. Da aka zo kaina, ma'aikacin ya tambayi suna, na faɗa. Ya tambayi gari, na faɗa. Ya tambayi sana'a. Sannan ya ce, mutum nawa ne a gidanku?

Na ce biyu.

Ya rubuta. Inna Bibata tana bayana, ta dafa kafaɗata. Na dubi takardar. Na ce masa ya gyara, ɗaya ne.